Eriya da Labarin Gida a Ƙauyukan Jazira

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ci gaba da hijira gabas har ya zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Maniyyata aikin hajji sun yi ta biyowa, musamman da aka fara noman audugar Jazira a 1925, suka kafa ƙauyuka har wajajen Kamlin. Tsakaninsu da Kano akwai fiye da kilomita 2,500, don haka labarin gida sai a bakin matafiyi, bayan watanni.

A wancan zamani ne masu rediyo na sha'awa suka tabbatar da amfanin gajeren zango. A 1923, Léon Deloy na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell na Amurka, alhali teku na tsakaninsu. Dalili kuwa shi ne, irin wannan zango yana hawa sama, ya daki wani rufi na sararin samaniya, ya sauko a nesa. Sai dai nisan da zai kai ya danganta da eriya.

Mafi sauƙi ita ce doguwar waya: ga araha, amma tana kwaso hayaniya tare da murya. Ta biyu waya ce mai reshe biyu, wadda ake yankawa daidai rabin tsawon zango. A mita 20, kimanin mita 10 ke nan. Ƙarfinta yana gefenta, saboda haka mai son kamo yamma daga Kamlin sai ya miƙe ta kudu da arewa. Ta uku ita ce ta Yagi da Uda, wadda aka ƙirƙiro a Japan a 1926. Tana tattara ƙarfi wuri guda, amma tana bukatar dogon turke, da kuɗi.

Manyan tashoshi sun ci moriyar wannan ilimi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Su suka ɗauki nauyin manyan eriyoyi. Mai sauraro kuwa ɗan sandan da ke jikin akwatinsa ya wadatar, in murya ta dushe ya ƙara waya. Ta haka Hausar Kano da Sakkwato ta riƙa isa kunnen jikokin masu hijira, har waɗanda ba su taɓa taka ƙasar kakanninsu ba.