MV Aureol

MV Aureol jirgin ruwan fasinja ne mallakar kamfanin Elder Dempster na Birtaniya, wanda ya yi jigila tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma daga 1951 zuwa 1974. Kamfanin Alexander Stephen and Sons ne ya ƙera shi a Gilasgo, aka raɗa masa sunan wani dutse da ke kusa da Firitawun, babban birnin Saliyo. Tsawonsa ya haura mita 160.

Galibi daga Libaful yake tashi, ya yada zango a Firitawun da gaɓar Ghana, sannan ya sauke fasinja a Legas. Jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwa da ɗalibai ne yawancin masu shigarsa. 

Da jiragen sama suka janye fasinja, sai aka sayar da shi ga attajirin Girka John Latsis a 1974. Aka sauya masa suna zuwa Marianna VI, ya zama masaukin ma'aikata a Jidda. An wargaza shi a Alang ta Indiya a 2001.