Jiran Jirgi a Sawakin

Matamaye ba ta san teku ba. Ruwan da ta sani shi ne na fadamun Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, sai na damina mai raya gero da gyaɗa. Amma a rabin farko na ƙarnin da ya wuce, duk talakan wannan yanki da ya ƙulla niyyar sauke farali, lissafinsa a bakin teku yake ƙarewa, a wani tsohon gari da ke nesa da shi fiye da kilomita 3,000. Sunan garin Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan. Daga can zuwa Jidda kusan kilomita 300 ne kawai, tafiyar da jirgi mai hayaƙi ke gamawa cikin kwana guda. Sai dai mutum kan yi watanni, wani ma shekara, yana kallon wannan ɗan ruwa bai ƙetare ba.

Bayan kaka ake tashi. An sayar da gyaɗa, an biya bashi, an yi wasiyya, an bi dangi gida-gida ana neman gafara, domin mai tafiya gabas a wancan zamani ba a sa masa ranar dawowa. Guzuri kuwa abin da ba ya lalacewa ne: garin gero, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Kuɗi a ɗinke su cikin ɗamara. Mai sana'a ya haɗa da kayan sana'arsa, wanzami da zabira, malami da allo da tawada, maɗinki da allura, saboda kowa ya san kuɗin gida ba za su kai shi ba.

Ko da yake ƙasar Kance, inda Matamaye take, tana hannun Faransa tun bayan da suka ci Damagaram a 1899, fuskar matafiyin Matamaye kudu take kallo. Yamai, wadda aka mayar hedikwatar mulki a 1926, tana can yamma da nisa, Kano kuwa ga ta nan kusa ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura. Daga Kano sai Maiduguri, inda Ingilishi suka kafa wurin ba mahajjata takardar tafiya tare da neman su ajiye wasu kuɗi na jingina. Sai Dikwa, sai Kusiri, a yi fito a kogi zuwa Fort Lamy, wadda ta koma Njamena a 1973. Daga nan Ati, Abashe, Adare, a shiga Darfur ta Jinaina, a wuce Fashir, a kai Al-Ubayyid, inda dogo ya iso tun wajen 1912. Wannan hanya ba ta buɗe sosai ba sai da ƙura ta lafa: an kashe Rabe a Kusiri a 1900, Faransa ta shiga Abashe a 1909, Ingilishi suka kawar da Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916.

Yaya mutumin da bai taɓa wuce kasuwar Mai'aduwa ba yake ratsa ƙasashe huɗu, ba Larabci, ba Faransanci, bai ɓace ba? Amsar tana wurin mai masauki.

Wannan sana'a ba don aikin hajji aka ƙago ta ba. Fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe da ita: kowane zango da fatomansa, kowane fatoma da dillalansa. Da hanyar gabas ta cika da jama'a sai tsarin ya miƙe da ita. Baƙo in ya iso gari da yamma, zangon Hausawa yake tambaya, a kai shi gaban sarkin zango. Bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce: "Malam, mutanen wace ƙasa ne?" In ya ce Damagaram, sai a haɗa shi da yaro ya raka shi gidan wani Badamagare da ya riga shi zuwa da shekaru. A ba shi ɗaki ko rumfa a zaure, a kawo ruwa, a kawo tuwo. Da safe ya kwance ɗamararsa ya miƙa wa maigida ajiya. Maigida ne zai sayar masa da jakinsa ko turmin zanen da ya ɗauko, shi zai canja masa kuɗi, shi zai yi masa tafinta gaban hukuma, shi zai san wane ayari ko wace mota ce mai tashi jibi. Ran tafiya ya faɗa masa sunan wanda zai nema a gari na gaba. Ba kuɗin ɗaki ne ribar maigida ba, la'ada ce, wadda yake samu a kan ciniki da canji da kujerar mota. Canjin kaɗai ma abin ci ne, domin matafiyi yakan fito da tammar Faransa, ya koma sulen Ingila a Kano, ya sake komawa tamma a Cadi, ya riƙe fam ɗin Masar a Sudan, kafin ya ga riyal.

Ba duka masu masauki ne mutanen kirki ba. Akwai mai jan baƙo da "gobe, jibi" har guzurinsa ya ƙare a gidansa. Amma macuci bai cika daɗewa a sana'ar ba, tunda masu komowa gida suna bi ta zangunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sa rufe baki.

Inda kuɗi suka fi ƙarewa shi ne tsakiyar Sudan, nan ne kuma aiki yake. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, masu neman hannu ba iyaka. Manomin gyaɗa bai buƙatar a koya masa tsinkar auduga. Kusa da wurin kuma akwai garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Mutum ya sauka da niyyar kaka ɗaya, sai ta zama uku, ga aure, ga 'ya'ya. Masani Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira, ya tarar da jikokin da aka haifa a can suna kiran kansu matafiya masu jiran ƙarasawa Makka, shi ya sa ya raɗa wa littafinsa na 1995 suna Permanent Pilgrims. Agashe da ake ci yau a titunan Hartum daga hannun waɗannan mutane ya fito.

Wanda ya tara abin da ya tara sai ya hau jirgin ƙasa zuwa gaɓa, ko ta Atbara, ko ta Gadarif da Kasala bayan an haɗa wannan layi a ƙarshen shekarun 1920.

Sawakin ɗin da ya tarar gari ne mai mutuwa a tsaye. Ɗan tsibiri ne a cikin wani lungun ruwa, da benaye na dutsen murjani da tagogin katako masu sassaƙa, gadon zamanin Turkawa da attajiran Hijaz. Mashigarsa ƙunci gare ta, manyan jirage ba sa iya kutsawa, don haka Ingilishi suka gina sabuwar tasha a arewa, Bur Sudan, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe suka koma can, gidajen murjani suka fara zubewa. Abin da aka bar wa Sawakin shi ne mahajjata da wurin killace su. Sau ɗaya a shekara garin yake farfaɗowa, tamkar kasuwar ƙauye ranar cinta.

Ba a cikin benayen nan Bahaushe yake sauka ba. A gaɓa yake, cikin bukkoki da rumfunan tabarma da buhu, tare da sauran waɗanda Larabawa ke kira Takari ko Fallata. A nan lissafi yake tsananta. Jirgi ba kullum yake tashi ba, lokacin hajji kuma ba ya jiran kowa. Wanda ya iso da wuri zai ci kuɗin tikitinsa a abinci da ruwa, ga shi ruwan sha a wannan gaɓa saye ake yi, zafin bazara kuma ya wuce misali. Wanda ya makara, Arfa ta wuce shi, sai baɗi. Saboda haka mai masaukin bakin teku ya fi na kowane zango daraja, shi ya san ranar da jirgin kamfanin Khedivial Mail zai iso, shi ya san magatakardan da ke buga hatimi, shi ya san wace takarda ce za a ce ba ta cika ba.

Takardun kuwa da yawa. Kwalara ta sha bin mahajjata zuwa ƙasashe, musamman a 1865, don haka gwamnatocin Turai suka matsa a kan killacewa da rigakafi. Kafin mutum ya taka jirgi sai an yi masa lamba ta agana da allurar kwalara, ya kwana a killace iya kwanakin da likita ya yanka, ya nuna takardar tafiya, ya biya tikitin zuwa da dawowa, ya kuma tanadi kuɗin da hukumar Hijaz ke karɓa. Ga wanda ya yi shekara uku yana tsinkar auduga, wannan jimla takan zo sama da abin da ke ɗamara. Sai a koma neman na cikawa. Maza su tafi Bur Sudan dako a tasha, ko ga-ruwa da garwa biyu a sanda, ko wanki, ko yankan farce. Mata su kafa kasko, ƙosai da waina da soyayyar gyaɗa. Malami ya zauna da allonsa yana rubutun sha. Da yamma a taru a ƙirga abin da aka samu, a ware na tuwo, sauran a kai wa maigida ya ƙara a ajiya.

Wanda ya gaji da jira yana da wata ƙofa, ita ce sambuk, kwalekwalen Larabawa mai filafilai. Dillali zai karɓi kuɗi kaɗan, a fita da dare zuwa wani lungu na gaɓa da babu ɗan sanda, a cusa mutane har ba wurin miƙe ƙafa. Ba a Jidda ake sauke su ba, sai can kudu wajen Lis ko Ƙunfuda, su ƙarasa da ƙafa. Wasu sukan gangara har Masawa, ƙasar Iritiriya da ke hannun Italiya, don su kauce wa dokokin Ingilishi. Iska takan juya, ruwan sha ya ƙare a tsakiyar teku, wani matuƙin kuma ya zubar da mutane a gaɓar da ba kowa ya ce musu Makka na bayan dutsen can. Mafi muni, akwai yara da mata da aka ƙetarar ta wannan hanya aka sayar, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Jami'an mulkin mallaka sun yi ta kuka da sambuk a rahotanninsu, amma gaskiyar magana ita ce kowane sabon kuɗi da suka ɗora a Sawakin ƙarin ciniki ne ga masu kwalekwalen.

A ɗaya gaɓar ma tsarin bai canja ba, sunaye ne suka canja. A Jidda wakilin muɗawwifi ke tarbar baƙo, a Makka muɗawwifi ya ba shi masauki ya yi masa jagora. Marasa hali sukan sauka a unguwar bukkoki ta Takari a bayan ganuwar Jidda, ganuwar da aka rushe a 1947, su taka zuwa Makka da ƙafa.

Masu hali tun farko ba su bi ta nan ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, sannan ya nufi Jidda.  

Abin da ya sauya wa talaka lissafi shi ne mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da kan dogon Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta makonni, in dai an kauce wa damina, lokacin da laka ke rufe hanyoyin Cadi. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, WAPA, a Kano. Aikin da fatoma goma ke yi a zango goma, yanzu ofishi ɗaya ya ɗauke shi: mota, takarda, masauki, tikitin jirgi. Wannan ya zo daidai da lokacin da gyaɗa ke kuɗi a kudancin Damagaram, har aka kafa masana'antar matsar mai a Matamaye, don haka manomi ya iya biyan kujera daga amfanin gona ba sai ya yi ƙodago a Jazira ba.

Daga nan abubuwa suka bi da sauri. Jiragen sama suka fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, tawaye ya ɓarke a Cadi daga 1965 ya sa hanyar Abashe ta zama abin tsoro, ƙasashe masu sabon 'yanci suka tsaurara iyakoki. Lokacin da masani Birks ya wallafa bincikensa kan wannan hanya a 1978, masu bin ta sun riga sun zama 'yan tsiraru. Sawakin ta samu sabuwar tasha a 1991, jiragen fito suna kai mutane da tumaki Jidda, a 2017 kuma Turkiyya ta karɓi aikin gyara tsohon tsibirin. Yaƙin da ya tashi a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sake tara dubban mutane a gaɓar Bur Sudan suna jiran jirgi, wannan karon masu gudun rai.

Maniyyacin Matamaye na yau kamfanin jigila yake biya, ƙarƙashin kulawar hukumar alhazai ta COHO, masaukinsa na Makka da Madina a rubuce tun bai bar gida ba, tafiyar kuma ta sa'o'i ce. Ƙungiyar su Mahmud Ɗantata ta daɗe da daina jigila, amma wurin da ofishinta yake a Fagge ya zama babbar kasuwar canjin kuɗi ta Kano, kuma 'yan kasuwar Kance da Magarya da Damagaram suna cikin masu kai sefa Wapa su karɓo naira ko riyal.