Manya Ko Yara: Tarihin Masu Hidima A Bagadin Katolika

Duk wanda ya taɓa leƙa cocin ɗariƙar Katolika ranar Lahadi, a birnin Rum ne ko a Shendam inda masu mishan suka sauka a 1907, zai ga yara cikin fararen riguna suna kai da kawowa kewayen bagadi, wannan riƙe da kyandir, wancan yana lilo da kaskon turare, wani kuma ya durƙusa yana jiran lokacin kaɗa ƙararrawa. Kuma saboda ido ya daɗe da sabawa da haka, sai mutum ya zaci da yara abin ya faro, alhali kuwa asalinsa aikin manya ne.

Hujjar wannan tana cikin wasiƙar da Fafaroma Korneliyus ya aika wa Bishop na Antakiya a wajen shekarar 251 Miladiyya, inda ya lissafa ma'aikatan cocin Rum, ya ambaci limamai 46, dikon-dikon 7, mataimakansu 7, da masu hidimar bagadi 42. Waɗannan na ƙarshe muƙami ne gare su wanda bishop ke naɗawa, kuma ban da riƙon fitila, akan ba su amanar kai gurasar jibin Ubangiji ga waɗanda uzuri ya hana halarta. Hatta Tarsisiyus, wanda aka kashe a ƙarni na 3 domin ya ƙi miƙa wannan amana ga masu tsananta wa Kirista, wanda kuma yaran bagadi suka riƙa a matsayin waliyyinsu, Fafaroma Damasus da ya rubuta yabonsa da dikon Istifanus, wanda babba ne, ya kwatanta shi. Siffarsa ta ƙaramin yaro ta bazu ne musamman bayan da Kadinal Wiseman ya wallafa ƙagaggen labarinsa mai suna Fabiola a 1854.

Larura ce ta shigo da yara. Yayin da coci-coci suka yawaita a ƙauyukan Turai, kowane limami kuma ya zamana yana yin Misa kullum, sai aka rasa naɗaɗɗun da za su wadatar, domin muƙamin ya riga ya koma matakin da ɗalibi ke takawa ya wuce zuwa limanci. Ga shi kuwa ibadar ba ta cika sai da mai amsa wa limami addu'o'in Latin, ya miƙo ruwa da ruwan inabi, ya zuba masa ruwa a yatsu. Sai limamin ƙauye ya jawo yaro mai kaifin hadda ya koya masa, kamar yadda malami kan ɗauki almajirin da zai riƙa bin sa da buzu da buta. Majalisar Trent, babban taron shugabannin cocin, ta yi nufin gyara a 1563, ta umarci a farfaɗo da ƙananan muƙamai irin na masu hidimar bagadi, har ta yi rangwamen a sa magidanta masu kyawun hali idan an rasa marasa aure, amma al'ada ta riga ta yi jijiya, umarnin bai kankama ba.

A ƙarni na 20 ne mas'alar ta sake tasowa. Kundin dokokin cocin na 1917 ya hana limami yin Misa ba tare da mai hidima ba, ya kuma haramta wa mace kusantar bagadi. A 1972 Fafaroma Bulus na 6 ya soke tsarin ƙananan muƙamai, ya mayar da hidimar bagadi aikin da za a iya naɗa namijin da ba limami ba a kai. A 1994 aka bar wa kowane bishop zaɓin yarda da 'yan mata, sa'an nan a 2021 Fafaroma Francis ya buɗe naɗin hidimar bagadi ga mata.

Masu fifita yara suna kafa dalili da cewa bagadi ne makarantar farko ta limamai da yawa, abin da fadar Vatican ta tabbatar a 2004 da ta yaba wannan al'ada ta kuma nemi a kiyaye ta. Masu fifita baligai kuwa suna cewa ibada tana bukatar natsuwa da sanin ma'anar abin da ake yi, Misar asuba da ta jana'iza suna faɗowa a lokacin makaranta, kuma bayan abin kunyar cin zarafin yara da ya girgiza cocin, ba hikima ba ce a bar yaro shi kaɗai da babba a ɗakin shiri.

Haƙiƙa dokar cocin ba ta wajabta ɗaya ta haramta ɗaya ba, kuma akwai inda aka haɗa biyun, kamar yankin bishop na Lincoln a Amurka, inda naɗaɗɗun magidanta ke hidima tare da yara maza. Wannan shi ya fi dacewa da tarihi: babba ya riƙe amanar da tun asali tasa ce, yaro kuma ya koya a gefensa, a kan idon iyaye da jama'a.