Daga Karan Maɗori Zuwa Ƙarfen Likita a Inugu

Tun zamanin da Turawa suka fara haƙar kwal a tuddan Inugu cikin 1915, jirgin ƙasa kuma ya haɗa garin da Fatakwal, Hausawa fatake da mahauta da dillalan shanu suka riƙa sauka, wasu suka yi kaka-gida a garin, kuma ba su zo da hajarsu kaɗai ba, har da sana'o'in gado, cikinsu akwai ɗori. Idan yaro ya faɗi ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye, maɗori ne ke ja, ya lallaɓa da yatsa har ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera kara ko tsinken gora, ya naɗe da tsumma, ya tofa addu'a. Ilimi ne mai asali, domin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, tabibin Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ɗaurin karaya a cikin littafinsa At-Tasrif.

Amma fa zira'i, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, halitta ce mai ban al'ajabi, gama Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙasusuwa biyu a nan, ɗaya na mirginawa kan ɗan'uwansa, da haka ne mutum ke kifa tafi ya kuma ɗaga shi sama yayin addu'a. In duka biyun suka karye a jikin baligi suka goce, da wuya ɗauri daga waje ya tsayar da su daidai, sai su haɗe a karkace, juyawar hannu ta tafi. In kuwa aka matsa ɗaurin ainun jini ya tsaya, naman ya mutu, yatsu su ƙanƙance har abada, musibar da likitan Jamus Volkmann ya siffanta a 1881, wadda kuma ni a ganina ita ce mafi ban tausayi, saboda ba karayar ce ta jawo ta ba.

Maganin wannan ya taru ne sannu a hankali. Abraham Colles na Dublin ya bayyana karayar wuyan hannu a 1814, hoton ƙashi ya samu a 1895, sa'an nan a 1958 wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, suka daidaita hanyar tsaga fata a ɗaure ƙashi da faranti da kusoshin ƙarfe.

Inugu kuwa yaƙin basasar Najeriya ne ya kawo mata nata rabon. Bayan da aka ajiye makamai a 1970, aka wayi gari da ɗimbin masu raunukan harsashi da nakasa, gwamnatin jihar ƙarƙashin Ukpabi Asika ta ƙudura gina asibitin ƙashi da gyaran jiki, ta sa masa sunan Sarki Haile Selassie na Habasha, wanda ya yi ɗawainiyar sulhu lokacin fitinar. Ya fara karɓar marasa lafiya a 1975, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, dokar 1979 ta haɗa shi da na Igbobi a Legas da na Dala a Kano, wanda ya riga shi tun 1959. A yau mahaucin Inugu da wuƙa ta tsinke wa jijiyar yatsa, ko ɗan acaɓa da ya karye a wuyan hannu, can ake kai shi, a ɗauki hoto, a duba ko filasta za ta wadatar ko sai an sa ƙarfe.