Ganyen Zinariya a Wuyan Riga: Gwamnonin Jam'iyyar Hitler da Kasuwar Kayansu

Ɗan ƙyalle ne da bai kai tafin hannu ba. Ja ne wur, an yi masa aiki da zare mai ruwan zinariya: ganye biyu na wata bishiya da Jamusawa ke ɗauka alamar ƙarfi, sai gaggafa a samansu riƙe da tambarin 'yan Nazi. A wuyan riga ake ɗinka shi. Yau masu tara kayan Yaƙin Duniya na Biyu a Turai da Amurka rububinsa suke yi a wuraren gwanjo. A zamanin mulkin 'yan Nazi kuwa, wanda ke sanye da shi yana iya tayar da gari guda da sa hannu ɗaya.

Gauleiter ake kiransa, wato shugaban Gau, tsohuwar kalmar Jamusanci mai nufin yanki. Da Hitler ya fito daga kurkuku ya sake kafa jam'iyyarsa a 1925, sai ya yanka Jamus gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya ɗora masa mutum guda. Ba zaɓe, ba majalisa. Shi ke naɗawa, shi ke tuɓewa. Ta haka Joseph Goebbels ya samu Berlin a 1926, Fritz Sauckel ya samu Thuringia a 1927, Erich Koch ya samu Gabashin Prussia a 1928. Bayan haɗiye Ostiriya da sassan Polan, yankunan sun kai 42, ga na 43 da aka ware wa 'yan jam'iyya mazauna ƙasashen waje.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tsarin shi ne yadda ya gangaro har ƙofar gida. Ƙarƙashin Gauleiter akwai shugaban gunduma, sai na gari, sai na shiyya, sannan Blockleiter, mai kula da gida 40 zuwa 60. Shi ke bi ƙofa-ƙofa karɓar kuɗin jam'iyya da gudummawar hunturu. Ya san wanda bai rataya tuta ba ranar biki, ya san matar da har yanzu ke gaisawa da maƙwabciyarta Bayahudiya, kuma duk abin da ya gani sama yake kai shi. Ba baƙo ba ne, maƙwabci ne da kuke haɗuwa a matakala kullum safe.

Ko launin zaren da ya zagaye wuyan riga magana yake yi: shuɗi mai haske na matakin gari ne, fari na gunduma, ja mai duhu na Gau, ruwan ɗorawa na shugabannin ƙasa. Talakawa sun gaji da wannan ƙyale-ƙyale har suka laƙaba wa masu shi suna Goldfasan, sunan wani tsuntsu mai gashi kamar zinariya, ado ba aiki.

Sai dai aikin sun yi shi, mummuna. A ranar 22 ga Oktoba 1940, Gauleiter Robert Wagner na Baden da takwaransa Josef Bürckel suka kwashe Yahudawa kimanin 6,500 daga yankunansu, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanin Gurs a kudancin Faransa, daga baya aka wuce da da yawa daga cikinsu sansanonin kisa. Sauckel ne aka damƙa wa neman ma'aikata a 1942, ya sa aka jawo miliyoyin mutane daga ƙasashen da aka mamaye zuwa aikin tilas. A Nuwamban shekarar aka mai da kowane Gauleiter kwamishinan tsaron yankinsa, a 1944 kuma aka ce su tara maza daga shekara 16 zuwa 60, a tura su gaban tankokin yaƙi.

Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai halinsu ya fito fili. Koch ya hana mutanen Gabashin Prussia ƙaura da wuri sa'ad da sojojin Sobiyet ke matsowa, dubbai suka halaka a hanya cikin tsananin sanyi, shi kuwa ya sulale ta jirgin ruwa a Afrilun 1945. Ya ɓuya da sunan ƙarya har 1949, ya mutu a kurkukun Polan a 1986. Takwaransa Karl Hanke ya sa birnin Breslau ta yi ta yaƙi kusan wata uku har ta zama kufai, sannan ya haye ƙaramin jirgin sama ya bar ta dab da miƙa wuya. An rataye Sauckel da Julius Streicher, shi ma tsohon Gauleiter, a Nuremberg ranar 16 ga Oktoba 1946, kotun da ta yanke musu hukunci kuma ta ayyana rukunin shugabannin jam'iyyar a matsayin ƙungiyar masu laifi.

Kayansu suka rage. Sojojin Amurka da Ingila sun cika jakunkuna da huluna, wuƙaƙe da lambobi suka kai gida a matsayin ganima, daga nan kasuwar ta samo asali. Gwanayenta kan juya lamba su duba tambarin RZM, ofishin jam'iyya da ke Munich mai ba masana'antu lasisi, ko su nemi lambar zinariya da aka ba 'yan farko masu rajista ƙasa da 100,000. Jabu ya yi yawa, domin Gauleiter kaɗan ne, masu saye kuwa ba iyaka. A Jamus, sashe na 86a na dokar laifuka ya hana nuna waɗannan alamomi a bainar jama'a sai don ilimi, bincike ko fasaha, shi ya sa dillalai kan rufe tambarin 'yan Nazi a hotunan talla.

Ban ce duk mai tarawa ɗan Nazi ba ne. Akwai masu son tarihi tsakani da Allah, kuma gidan tarihi na buƙatar irin waɗannan kaya a matsayin shaida. Abin da ke ci mini rai shi ne takardar gwanjon da za ta ɓata layi biyar tana yabon ingancin zare, ba ta ce uffan ba game da jirgin da ya nufi Gurs.

A Nuwamban 2019 aka yi wani gwanjo a Munich, ƙungiyoyin Yahudawa suka yi ta roƙon a dakatar, ba a saurare su ba. Sai wani attajiri ɗan asalin Labanan mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya zuba kusan yuro 600,000 ya saye kaya da dama, ciki har da doguwar hular Hitler, don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi. Da farko ƙona su ya yi niyya. Daga baya ya ba da su kyauta, aka kai su Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke birnin Ƙudus.