Ciwon Da Ba Ya Zub Da Hawaye

Ya kai mai karatu, ko ba ka je Cibarakaten ba, ka san wanda ya je. Tun da aka gano zinariya a can, kusa da iyakar Aljeriya, a 2014, samari suke barin gona suna tafiya haƙa. A 2021 kuma aka rufe ramin uraniyum na Cominak a Akokan, kusa da Arlit, aiki ya ƙare wa mutane da yawa. Wani ya komo gida ya zauna shiru. Ba ya kuka, ba ya dariya, tuwo ma sai an matsa masa. Sai a ce zuciyarsa ce ta mutu. To, tsaya ka ji tarihin wannan abu, don sau da yawa ciwo ne. Likitoci suna ce masa ciwon damuwa.

Ba yau aka san shi ba. Wani malami Musulmi, Abu Zaid al-Balki, wanda ya rasu a 934, ya rubuta cewa baƙin ciki iri biyu ne. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko hasarar dukiya. Akwai kuma wanda yake danne mutum ba tare da sanadin da aka sani ba, ya hana shi jin daɗin kome. Na biyun, in ji shi, daga jiki yake, magani yake so.

A zamanin mulkin mallaka wani likitan Turawa a Kenya, Carothers, ya rubuta a 1953 wai da wuya baƙar fata ya kamu da wannan ciwo. Ni dai ina ganin bai san yadda za ya tambaye mu ba ne. Mu ba mu cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Sai mu ce kai yana nauyi, ƙirji yana zafi, barci ya ƙi zuwa. Likita Lambo, na asibitin Aro a Abeokuta, shi da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Yarabawa a 1961 suna tambayar mutane ɗaya ɗaya. Suka tarar alamun ciwon suna nan da yawa.

Ga abin mamaki. A 2002, a jami'ar Stanford ta Amurka, wani masani mai suna Rottenberg da abokansa suka nuna wa masu ciwon da masu lafiya majigi mai ban tausayi. Kowa ya zaci masu ciwon za su fi kuka. Ina! Ba su fi ba. Aka nuna na ban dariya, shi ma bai motsa su sosai ba. Ashe ciwon yakan dusashe zuciya ne, kamar lauje da ya daina ci. Daɗi ba ya shiga, wani lokaci hawaye ma ba sa fita.

Saboda haka in ɗan'uwanka ya komo ya yi shiru, kada ka jira ganin hawaye. Tambaye shi barci, tambaye shi abinci, tambaye shi ko hira da abokai tana yi masa daɗi kamar da. In ya kai mako 2 a haka, kusan kullum, ku je wurin likita, akwai magani. In kuwa ka ji ya ce ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.