Gandu da Gayauna a Ɗakin Bincike

Wanda ya kammala digiri na uku a Jamus ko Amurka ba kasafai yake samun kujerar malamin jami'a nan take ba. Akwai zangon da ake ajiye shi, shekara biyu ko uku, a ƙarƙashin wani farfesa, da sunan ƙarin gogewa. Fosdok ake ce masa. Shi ba ɗalibi ba ne, bai kuma zama ma'aikacin dindindin ba, alhali shi ke kwana kan gwaje-gwaje, shi ke gyara rubutun ɗaliban farfesa, shi ke tsara takardar neman kuɗin bincike na gaba. Abin da nake son kafawa shi ne, duk tallafin da za a ba shi, in ta hannun ubangidansa zai bi, bai warware masa komai ba.

Manomi ya san gandu da gayauna. Ɗa yana noma gandun uba, amma yana da 'yar gonarsa da lokacin yi mata aiki, abin da ta bayar kuma nasa ne. Yawancin fosdok gandu kawai suka sani. Albashinsu daga kuɗin binciken farfesa yake fitowa, don haka mutum ɗaya ne ke sabunta kwantiragi, ya rubuta takardar shaida, ya kuma yanke sunan wa zai zo farko a maƙala. In baƙo ne, har bizarsa tana rataye da aikin. Ranar da aka tura sunansa na uku a binciken da ya yi wata goma sha takwas a kansa, wa zai kai wa ƙara?

Jamus ta nuna inda wannan hanya ke ɓullewa. Dokar da ta kafa a 2007 ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike da kwantiragin wucin gadi shekara shida kafin digiri na uku, shida bayansa. Wa'adi na cika, ko kujerar dindindin, wadda ta yi ƙaranci, ko sallama. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da bidiyon zane na wata masaniyar halittu mai suna Hanna, tana bayanin cewa tsarin yana hana tsara ɗaya toshe wa na baya hanya. A 2021 dubban masu bincike suka mayar da martani, kowa na cewa shi ne Hanna, wasunsu sun doshi arba'in da 'ya'ya, ba su san garin da za su zauna baɗi ba.

Wasu wuraren sun taɓuka. Yarjejeniyar Birtaniya ta kula da masu bincike, wadda aka sabunta a 2019, ta ware musu aƙalla kwana goma a shekara na gina kansu. Kwana goma gayauna ce kamar tafin hannu, sai dai a rubuce take, farfesa ba ya iya cewa alfarma ya yi. A Jami'ar Kalifoniya kuwa, ma'aikatan ilimi wajen 48,000, har da fosdok, suka shiga yajin aiki a Nuwamban 2022, aka ƙara albashi.

Za a ce farfesa nagari ya fi kowace doka. Gaskiya ne, da yawa sun tashi a hannun irinsu. Amma wanda ya faɗa hannun mugu fa?

A Nijeriya ciwon ya sha bamban. Sabon dakta galibi ya riga ya zama lakcara, ga aji cike maƙil, ga damin takardun jarrabawa, ga muƙamin jami'in jarrabawa an ɗora masa, kundin digirinsa na can a kabad yana shan ƙura. Shirin AHP, wanda gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi daga 2008 a Nijeriya da Gana da Yuganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya gane inda gizo ke saƙa. Sai ya ba mai binciken tallafin da sunansa, ya saya masa shekara guda ba koyarwa, domin ya mayar da kundin nan littafi.